Akwatunan Yaya Kubura

Ranar wata Laraba da hantsi Sada ya kawo yayarsu Kubura garin Kusada, tana kwance a kujerar bayan mota an tokare mata kai da matashi. Daga asibitin Kankiya ya ɗauko ta. Kwananta goma sha tara a can tun ranar da ta yanke jiki ta faɗi a tasha, ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Ya tsaya a ƙofar gidan autarsu Maimunatu, ya kira maƙwabta biyu suka kama masa aka shiga da ita. Sannan aka sauke wasu akwatunan ƙarfe guda biyu, kowanne sai da maza biyu suka yi nishi kafin su ɗaga shi.

"Ke ce mace, ke za ki iya da ita," in ji Sada, yana tsaye tsakar gida yana kaɗa makullin mota. "Ni kin san aikin ofis, ga gidan nawa ba fili. Likita ya ce a riƙa juya ta kada ta yi gyambo."

"Haba Yaya, ai ko ba ka kawo ta ba ni zan je in ɗauko ta," in ji Maimunatu. "Waɗanga akwatunan fa?"

"Tarkacenta ne. Takardu. Ki tura su ƙarƙashin gado."

Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba ya juya.

Su uku ne wurin mahaifinsu, Ɗanmaliki magini, wanda a zamaninsa babu mai hali daga Kusada har Kunduru da zai gina zaure bai kira shi ya yi masa ado a bango ba. Kubura ce babba, ita ta gado hannunsa. Tun tana ƙarama ba ta barin bango fari, da gawayi take bin sa, ana duka tana ƙarawa. Da ta gama makarantar horon malamai ta koyar shekara biyu a Kankiya, ta auri wani direban babbar mota mutumin Maraɗi, ta bi shi. Auren bai yi ƙarko ba, amma ita ba ta dawo ba. Ta koyar da zane a Maraɗi, ta fitar wa marina da masu ɗinkin hula sababbin zane a Damagaram, ta zauna Agadas, ta zauna Yamai, ta taɓa kaiwa har Sudan a bayan motar kaya. Duk inda ta sa ƙafa akwai littafi da fensir a jakarta. Sai ta yi shekara uku ko huɗu sannan a gan ta a gida, da tsarabar cuku da dabino da takalman fata, ta yi mako biyu ta ɓace.

Mutanen gari ba su taɓa barin ta ta huta ba. Mace ba miji, sai yawo, sai zanen fuskokin mutane. Maimunatu ce kullum mai tare mata. Ta taɓa daina gaisawa da wata maƙwabciyarta shekara guda cur saboda ta kira Kubura 'yar tasha.

Saboda wannan ƙaunar ce ma ta ba ta ɗiyarta. Kamila ita ce 'yar farin Maimunatu, kuma saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kama sunanta ba, sai dai ta ce "yarinyar nan". Da yarinyar ta kai shekara tara Kubura ta zo ganin gida, ta roƙi a ba ta riƙonta tunda ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Malam Haladu, mijin Maimunatu, ya ja ƙafa. Ita ta yi ta lallashinsa har ya yarda. Bayan shekara biyu wasiƙa ta zo daga Tawa, cikin Nijar: zazzaɓi ya kama Kamila, an yi iya ƙoƙari, ta cika a hannun Kubura, an yi mata sutura. Maimunatu ta shiga ɗaki ta yi kukanta a ɓoye, ta fito ta karɓi masu gaisuwa da busassun idanu, yadda ake so uwa ta yi. Shekara ashirin da biyu ke nan. Malam Haladu ya rasu, 'ya'yanta maza biyu suna Kano suna sana'a, ita kaɗai ta rage a gidan, tana toya ƙosai da safe a ƙofar zaure.

Watannin farko ta yi jinyar yayarta da zuciya ɗaya. Ta yi mata wanka da ruwan ɗumi, ta shafa mata man kaɗanya a ƙafar da ta mutu, ta ba ta kunu da cokali tana share abin da ya zubo ta gefen baki. Kubura ba ta iya cewa komai sai wani gurnani daga maƙogwaro, amma idanunta na nan da ransu, hankalinta kuma bai taɓu ba. Wata rana ta yi ta nuna ƙarƙashin gado da hannun hagu har Maimunatu ta gane, ta jawo akwati ɗaya ta buɗe.

Takardu ne maƙil. Zane-zane ɗaure da zare, ɗauri-ɗauri, kowanne an rubuta gari da shekara a kai. Wasiƙu, tsofaffin fasfo, tikitin mota, busasshen ganye a cikin ambulan. Sai littattafan rubutu na 'yan makaranta sun fi talatin, waɗanda Kubura ke rubuta abin da ya same ta kowace rana. Maimunatu ta yi firamare, tana karanta boko a hankali, da yatsa a kan layi. Daga ranar ta mai da shi aikin yamma: in ta gama girki sai ta jingina Kubura da bango, ta ɗauko littafi ta karanta mata.

"Agadas, Litinin," ta karanta wata rana. "Mai gishiri ya ce in zana raƙuminsa kada in zana shi, don raƙumin ya fi shi kyau. Gaskiya ya faɗa."

Kubura ta yi dariya da rabin baki har yawu ya zubo. Maimunatu ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ji kamar yanzu ne take sanin yayarta, kamar ita ma an ɗauke ta an kai ta waɗannan garuruwa, ita da ba ta taɓa wuce Katsina ba.

Ana nan, sai hannunta ya kai kan wani littafi mai koren bango. Tana ɗago shi Kubura ta yi wani irin gurnani, ta kai masa duka da hannun hagu, littafin ya faɗi. Idanunta suka firfito.

"To, to, Yaya, an bar shi," in ji Maimunatu. "Ko na wani saurayi ne?"

Ta mayar da shi. Amma ta ga shekarar da aka rubuta a bangon, kuma ta san shekarar. Washegari bayan azahar, Kubura na barci, ta ɗauki littafin ta koma gindin darbejiyar tsakar gida. Ba wani mugun abu take nema ba. So take ta ji yadda kwanakin ƙarshe na ɗiyarta suka kasance, ko ta sha wahala, ko ta ce wani abu. Ba ta taɓa iya tambaya ba.

"Tawa, Lahadi. Jikin Kamila da zafi tun shekaranjiya. Na ba ta magani ta amayar. Motar Ingal gobe da safe za ta tashi. Taron makiyaya sau ɗaya ake yin sa a shekara, in ban shiga ba sai baɗi, kuma shekara huɗu ina son zuwa. Tsohuwar da muke haya gidanta ta ce za ta duba min ita."

"Litinin. Ta riƙe min bakin zane. Na ce mata kasuwa za ni in sawo mata lemu. Sai da na ɓanɓare yatsunta."

Bayan nan shafi goma sha ɗaya ne a kan Ingal. Raƙuma, samari masu kwalli da jan baki suna rawa a jere, wata tsohuwa da ta ba ta nono a ƙwarya, yadda hasken yamma ke sauka a kan fadamar gishiri. Maimunatu ta bi kowane layi da yatsa tana neman sunan yarinyar. Ba ya ciki.

"Tawa, Lahadi. Na dawo na tarar an rufe ta tun Alhamis. Tsohuwar ta ce kwana biyu tana tambaya ko na dawo da lemun, daga baya ta daina nemana ta koma kiran Innarta. Ba a kai ta asibiti ba, tsohuwar ba ta da ƙafar zuwa. Na rubuta wa Maimuna cewa a hannuna ta cika."

Sai shafi na ƙarshe, rubutun a tsaye, babu alamar hannu ya yi rawa.

"Na baje zanen Ingal a ƙasa, guda arba'in da ɗaya. Ban taɓa yin aiki kamarsu ba, ba na kuma zaton zan sake. Na duba zuciyata. Baƙin cikin yarinyar yana nan. Amma nadamar tafiyar na neme ta ban samu ba. Wannan tsakanina da Allah ne."

Maimunatu ta rufe littafin. Ta zauna har inuwar darbejiya ta bar ta, rana ta dake ta, ba ta matsa ba. Da aka kira la'asar ta tashi ta yi alwala ta yi salla. Ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka, ta tada Kubura ta jingina ta, ta ba ta abinci loma-loma har ta ƙoshi, ta wanke mata baki. Sannan ta zauna gabanta, gwiwa da gwiwa, ta buɗe koren littafin.

Kubura ta fara girgiza kai. Maimunatu ta karanta mata tun daga Lahadin farko har Lahadin ƙarshe, ba ta tsallake ko raƙumi ɗaya ba. Da ta zo wurin sunan sai ta faɗe shi da ƙarfi, "Kamila", karo na farko a rayuwarta. Kubura ta yi ƙoƙarin toshe kunne, amma hannu ɗaya gare ta.

"Lemu," in ji Maimunatu da ta gama. Muryarta a kwance take. "Lemu kika ce mata, Yaya."

Ta ajiye littafin. Ta juya ta ɓarin hagu kamar yadda likita ya ce, ta lulluɓe mata ƙafa.

Da safe, kafin ta ɗora kasko, ta shimfiɗa tabarma a zaure, ta jawo Kubura a kan bargo ta jingina ta daidai inda za ta ga ƙofa. Ta koma ɗaki ta fito da ɗaurin da aka rubuta wa Ingal, ta tsinke zaren da haƙori. Mai sayen farko Gajere ne, wani magidanci ɗan kabu-kabu da ke karyawa wurinta kullum. Ta zaro zanen farko, wani saurayi dogo mai gashin jimina a rawani, ta yage shi biyu, ta zuba ƙosai mai zafi a rabin, ta barbaɗa yaji. Mai ya ratsa fuskar saurayin nan take.

Daga cikin zaure aka ji wani irin sauti kamar na akuyar da aka danne.

"Lafiya, Inna?" in ji Gajere, yana leƙawa.

"Jikin ne. Haka take yi da safe."

Zanen Ingal arba'in da ɗaya kwana uku suka yi. Daga nan ta shiga na Agadas, sannan na Damagaram. Ba ta gaggawa. Kowace takarda sai ta ɗaga ta ta juya ta wajen zaure, ta bari Kubura ta gane wacce ce, sannan ta yaga. Wasiƙu kuwa da su take hura wuta. Cikin wata guda duk lungun unguwar ka bi sai ka ga guntun fuska ko ƙafar raƙumi a kwata, awaki na tauna su.

Jinya kuwa sai ma ta ƙara kyau. Ta sayo mata ƙwai, ta riƙa dafa mata hanta, ba ta bari ta kwana da jiƙaƙƙen zane. Da Kubura ta fara ƙin cin abinci, ta riƙa dantse haƙora, Maimunatu ta matse mata hanci har ta buɗe baki, ta ɗura mata kunu.

"A'a, Yaya, ba yanzu ba," ta ce mata a hankali. "Akwati ɗaya ma ba mu gama ba."

Maƙwabta suka riƙa cewa ba su taɓa ganin ƙanwa mai jinƙai irin Maimunatu ba.

Akwai abin da take yi wanda ba wanda ya sani. Kafin ta fitar da kowane ɗauri sai ta bi shi takarda-takarda tana neman fuska ɗaya. Ba ta da hoton Kamila. A lokacin ba a damu da hoto ba, ita kuma kunya ba ta bar ta ta ƙare wa ɗiyar kallo ba ko da tana gabanta. Yanzu in ta runtse ido sai ta ga kitso da wata 'yar riga ruwan ɗorawa, amma fuskar ta shafe. Shekara biyu yarinyar ta yi a hannun mai zane. Ta zazzage akwatin farko, ta zazzage na biyu. Ta ga mahauta, ta ga kutare, ta ga matan da ke daka, ta ga wani kare da aka zana sau tara. Ta ga yaran wasu mutane ba iyaka, kowanne da sunansa a ƙasa. Kamila ba ta ciki ko sau ɗaya.

A cikin wata na biyu da fara yage takardun ne Sada ya zo, ba shi kaɗai ba. Tare yake da wani mutum mai tabarau da jakar goyo, wanda ya gabatar da shi da Malam Abdurrahim, malamin zane a wata kwaleji a Katsina, ɗan asalin Tafashiya. Malamin ya zo Kusada ta'aziyya ne, ya hau babur ɗin Gajere, ya ga rabin takarda mai maiƙo maƙale a gaban babur. Gajere ya ajiye ta ne don matar da ke jiki ta burge shi. A ƙasan takardar malamin ya ga sa hannun da ya sani, ya bi diddigi har ofishin Sada.

Ya durƙusa a zaure ya gaida Kubura kamar mai gaida malaminsa. Sannan ya juyo ga Maimunatu.

"Hajiya, shekara goma ina neman inda baiwar Allah nan take. A Yamai akwai zanenta uku a rataye, ana zuwa kallo. Mu nan ba mu da ko ɗaya. Na san ba ki san darajarsu ba ne, ba laifinki ba ne. Nawa suka rage?"

"Na san darajarsu," in ji Maimunatu.

"Wane irin kin sani?" Sada ya daka mata tsawa. Shi da ya kira su tarkace, yanzu gumi yake yi. "Kin san za a yi taro a kanta? Za a buga littafi da sunan Baba a ciki! Ke kina nan kina naɗe ƙosai da su kamar mahaukaciya!"

Ta shiga ɗaki ta fito da koren littafin, ta buɗe wurin, ta miƙa wa baƙon.

"Malam, tunda adana ta za ka yi, fara da wannan. Karanta da ƙarfi Yaya Sada ya ji."

Malam Abdurrahim ya karanta a zuci. Ya kai ƙarshe, ya koma baya, ya cire tabarau ya goge. Bai ɗago ido ba. Sada ya karɓa ya duba layi biyu kawai ya rufe.

"Wannan ai tsohuwar magana ce," ya ce.

Maimunatu ta dube shi. "Ka sani?"

"Ta gaya min tun zuwanta na farko bayan abin. Ni na ce kada ta gaya miki. Mi zai ƙara miki? Yarinya kwananta ne ya ƙare, ko tana nan ko ba ta nan."

"Shekara ashirin kana shigowa gidan nan kana cin tuwona."

"Don zaman lafiyarki na yi."

"Na daina gaisawa da mutane saboda ita. Na yi wa maigidana gardama har ya mutu, duk ranar da ya ce bai yarda da wasiƙar nan ba. Kana ji kana gani."

Sada ya cusa koren littafin a aljihun babbar rigarsa, ya fita ya kira Gajere da wani, suka shiga har ɗaki suka ɗauko akwatunan. Ɗaya ya yi sauƙi, mutum ɗaya ya ɗauke shi. Maimunatu ba ta hana ba. Malam Abdurrahim ya tsaya a bakin zaure yana murza hannu.

"Hajiya, wancan littafin... sha'anin iyali ne. Mu aikinta za mu nuna. Allah ya ba ki haƙuri."

"Ita fa?" Maimunatu ta nuna Kubura. "Ba ku tafiya da ita? Ita ta zana su."

Malamin ya dubi Sada. Sada ya dubi agogo.

"Ai ta saba da hannunki," ya ce.

Kubura ta bi akwatunan da ido har aka rufe bayan mota. Ta ɗaga hannun hagu, ko sallama take yi ko roƙo, ba wanda ya tsaya ya duba.

Da yamma Maimunatu ta share daɓen simintin ɗakin, ta ɗauko gawayi daga murhu, ta sa shi a hannun hagun yayarta ta matse yatsun a kai.

"Zana min ita."

Kubura ta dube ta.

"Kin zana kare sau tara. Zana min ɗiyata."

Hannun ya sauka ƙasa yana karkarwa. Ya ja wani layi a karkace, gawayin ya kuɓuce. Maimunatu ta ɗauko ta mayar mata. Haka suka yi har magariba, ba abin da ya fito sai baƙin shirme. Ta kawo tsumma ta goge. Washegari ta sake kawo gawayi.

Kullum sai sun yi. Damina ta faɗi, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa, suna yi. Hannun hagun ya fara koyo, don hannun Kubura ne ko ba na dama ba. Da'ira ta fara rufewa, ido ya fara zama ido. Wata ranar Juma'a fuska ta fito sosai a kan simintin, yarinya mai kitso, da ɗan murmushi. Maimunatu ta durƙusa ta daɗe tana kallo. Ta karkata kai, ta matsa baya, ta matso.

Yarinya ce kyakkyawa. Za ta iya zama ɗiyar kowa.

"Tana da wushirya," in ji Maimunatu a hankali. Wannan kaɗai ta tabbata da shi. "Ina wushiryar? Ke ma kin manta ta, ko?"

Hawaye ya gangaro ta idon Kubura na hagu. Ta gyaɗa kai.

Maimunatu ta kawo ruwa a buta ta zuba a kan fuskar, ta bi da tsintsiya. Daga ranar ba ta sake kawo gawayi ba, ba ta kuma sake yi wa yayarta magana ba. Wanka, abinci, juyi, duk ba ta fasa ba, amma a shiru. Wata biyu gidan ba a jin komai sai ƙarar cokali a kwano.

A cikin wannan shirun ne aka yi taron a Katsina. Sada ya aiko wa maƙwabta hotuna ta waya, yana tsaye da sabuwar shadda kusa da zanen yayarsa, ana ba shi lasifika. Matan unguwa suka shigo suna nuna wa Kubura, suna taya ta murna, har da wadda ta taɓa kiran ta 'yar tasha. Ba wanda ya aiko mota a kai ta.

Ta rasu ranar wata Talata da safe, ana yayyafi, Maimunatu na tsakiyar ba ta kunu. Ta ga cokalin ya tsaya a baki, ta jira, ta taɓa wuyan, ta ajiye kwanon. Ta rufe mata ido, ta ɗaure mata haɓa, sannan ta aika a gaya wa liman da Sada.

Ita ta yi mata wanka, tare da wata dattijuwar maƙwabciya, Iya Basira. Ta wanke hannun daman da ya ƙanƙance, ta bi tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya. Da aka gama sutura aka sa ta a makara, mata suka cika tsakar gida. Sada ya tsaya a ƙofar zaure, maza na bayansa suna jira, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Jama'a, duk wanda ta yi wa laifi ya yafe mata. Ni na yafe."

"Mun yafe," mata suka amsa. "Allah ya jiƙanta."

"Maimuna," in ji Sada. "Ban ji bakinki ba."

Mata suka juyo suna kallon ta. Iya Basira ta taɓa mata kafaɗa. "Ɗiyata, faɗi mana. Ke da kika yi mata abin da ba wanda zai iya. Kuka ne ya hana ta, bayin Allah."

Ba kuka take ba. Tana tsaye, hannuwanta har yanzu da danshin ruwan wanka, tana kallon makarar. Ta nemi kalmar a bakinta, ta san gajeriya ce, ta san in ta faɗa kowa zai tafi ya bar ta.

"Ku ɗauke ta," ta ce. "Hadari na haɗowa."

"Maimuna, don girman Allah."

"Ku ɗauke ta, Yaya."

Suka ɗauka. Sada bai sake taka gidan ba, zaman makoki ma a Kankiya, inda yake zaune, ya yi nasa. Matan unguwa suka yi kwana uku suna zuwa, suna zama nesa da ita, suna magana ƙasa-ƙasa. Waɗanda suka yi shekara suna yabon jinƙanta su ne suka fara cewa dama akwai wani abu a idonta. Bayan addu'ar bakwai ƙafa ta ɗauke.

Ɗanta babba ya zo daga Kano ya roƙe ta ta bi shi, ya ce gidan ya yi mata girma. Ta ce sai an yi girbi. Da aka yi girbi ya sake zuwa, ta ce sai bayan salla. Har yanzu tana Kusada. Ta rufe ɗakin da Kubura ta kwanta, ta koma kwana a na Malam Haladu, kuma duk wanda ya zo daga kwaleji yana son jin tarihin yayarta, takan ce masa ya je Kankiya, can ne masu labarin suke.